Tesila, gaus da gamma: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk shekara ɗaliban kimiyya daga Marwa da Garwa, a arewacin Kamaru, tambayoyin nan suke kawo min. Ga su a rubuce, a daina tare ni a hanya.

Da me ake auna ƙarfin maganaɗisu?

Da tesila, alamarsa T. Tun 1960 aka tsayar da shi.

Gaus fa?

Tsohon ma'auni ne. Gaus 10,000 ke ba da tesila 1. Ka haddace.

Malam, wayata za ta iya gano min ƙarfe ko ma'adini a ƙarƙashin ƙasa?

To, nan sai an bi a hankali. Yawancin wayoyi suna da ɗan abin auna maganaɗisu, shi ke nuna maka alƙibla. Da mikrotesila yake ƙirga, µT, wato kashi ɗaya cikin miliyan na tesila. Ka ajiye wayar a fili, a yankinmu za ka ga lamba wajen 30 da 'yan kai, wannan maganaɗisun duniya ne. Ka matsa kusa da babur ko ƙofar ƙarfe, lambar ta yi tsalle. Saboda haka babban ƙarfe da bai yi nisa a ƙasa ba, mai yiwuwa ta nuna shi. Mai yiwuwa na ce.

Amma bambancin da duwatsun ƙasa ke jawowa sau da yawa gomman nanotesila (nT, kashi ɗaya cikin dubu na µT) ne ko ɗaruruwa, alhali lambar wayar kanta tana rawa da kusan hakan ko tana ajiye. Ga shi muna kusa da layin tsakiyar maganaɗisun duniya, inda ƙarfin ke hawa da tsakar rana ya sauka da yamma, ko ba ka motsa ba. Shi ya sa masu binciken ƙasa ke kafa na'ura guda wuri ɗaya tana rubuta wannan canjin, su yi yawo da ta biyu, mai gane nT 1. Zinariya kuwa ba ta jan maganaɗisu, kada ka sa a haƙa rami a banza.

Na ga gamma a tsohon littafi.

Nanotesila ce, nT, kashi ɗaya cikin biliyan na tesila. Kwantar da hankalinka: gamma 50, nT 50.

Me ya hana a rubuta komai da tesila?

Ya yi girma. Na'urar MRI ta asibiti T 1.5 zuwa 3 ce, na duniya nT 25,000 zuwa 65,000. Wa ke auna gishirin miya da buhu? Maganaɗisun zuciya da pikotesila ake faɗa, na ƙwaƙwalwa da femtotesila, ma'aunai ne da ba su kai ko nT ba, sai na'ura mai tsananin ji irin SQUID ke jin su.

µT da mT ɗaya ne?

Haba! mT militesila ce, ta ninka µT sau 1,000. Wanda ya rikita su a jarrabawa ba ya samun maki a wurina.