Libarba mai kafaffen saiti da ke harbi sama da inda aka auna

Libarba ƙaramar bindiga ce ta hannu wadda harsasanta ke zama cikin ganga mai juyawa, galibi biyar ko shida. A yawancin tsofaffin ƙirarta saitin kafaffe ne: ɗan tsini a kan bakin bututu, sai wata tsaga da aka rarake a saman jikin bindigar ta baya. Babu kusar da za a murɗa a ɗaga saitin ko a sauke shi. Saboda haka in harsashi yana sauka sama da inda maharbi ya auna, gyaran yakan koma ga harsashin, ko ga yadda ake aunawa, ko kuma ga ƙarfen tsinin kansa.

Babban dalilin wannan matsala yana cikin shurin bindiga. Bututun libarba yana saman hannun mai riƙe da ita, don haka da albarushi ya tashi sai bakin ya soma ɗagawa tun harsashi bai fita ba. Harsashi mai nauyi, mai tafiyar hawainiya, yakan daɗe a bututu, sai ya fita bayan bakin ya ƙara ɗagawa, ya sauka sama. Mara nauyi mai sauri yana fita da wuri, ya sauka ƙasa. Sababbin maharba sukan zaci akasin haka, suna ganin nauyi ai ƙasa yake ja, amma a tazarar da ake harbi da bindigar hannu shurin ya fi tasiri.

Masana'antu suna yanke tsayin tsinin ne bisa nau'in harsashi guda. Libarbar Smith & Wesson da ta fito a 1899, wadda aka raɗa wa suna Model 10 a 1957, an saba daidaita ta da harsashin .38 Special mai nauyin giren 158, wato kimanin giram 10. In tana harbi sama da wannan, harsashi mai giren 125 ko 110 yakan sauko da wurin saukar ba tare da an taɓa ƙarfe ba. Haka libarbobin Webley da Enfield masu .38 na sojojin Ingila, irin waɗanda aka yi amfani da su a zamanin mulkin mallaka, an yi su ne don harsashi mai giren 200, daga baya aka koma 178. Duk harsashin da za a canza sai ya kasance wanda bindigar ke iya ɗauka, musamman in tsohuwa ce.

Kafin a ɗora wa bindiga laifi, ana gwada ta a filin harbi da aka amince da shi: a ɗora hannuwa a kan buhun yashi, a harba biyar ko shida a tazara ɗaya, sannan a auna daga tsakiyar tarin ramukan. Harbi ɗaya ba ya zama shaida. Sau da yawa hannun ne: wani yana barin kan tsinin ya leƙo sama da bakin tsagar, wani yana tura gindin bindigar da tafin hannu lokacin jan kunama, wani kuma riƙonsa sako-sako ne. Akwai ma bindigogin da aka yi su don a auna ƙasan baƙin da'irar da ke tsakiyar allon harbi, inda ƙarfe shida yake a fuskar agogo, harsashi kuma ya shiga tsakiya. Mai irin wannan da ya auna tsakiya dole ya ga harbinsa sama, alhali lafiyarta lau.

In an tabbatar tsinin ne ya yi gajarta, ƙa'idar ita ce tsinin gaba yana aiki da kishiyar abin da ake so: a ƙara masa tsawo, harbi ya sauko. Goge shi da magagari ƙara lalata abin yake yi, kuma ƙarfen da aka goge ba ya dawowa. Lissafin ƙarin ba wuya. Ana ninka yawan kaucewar da nisan da ke tsakanin tsini da tsaga, a raba da tazarar harbin, duk a ma'auni ɗaya. Misali, bindigar da ke da inci 6 tsakanin saitunanta, tana harbi inci 4 sama a yadi 25, wato inci 900: 4 sau 6 a raba da 900 ya ba da inci 0.027, bai kai milimita ɗaya ba. Ɗan wannan ƙarin ne ke sa aikin ya fi ƙarfin ƙiyasin ido. Wasu tsinayen da fil aka riƙe su, sai a cire a sa dogo. Wasu a haɗe suke da bututu, sai an liƙa musu ƙarfe, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan ana gwadawa. Rage saman tsagar baya ma yana saukar da harbi, sai dai ƙwararru ba su cika son haka ba, don yana cin jikin bindigar.

A Kumasi ta ƙasar Gana, mutumin Aboabo ko Asawase da ƙarfe ya ba shi matsala Suame Magazin yake nufa, inda maƙera da masu walda ba su da iyaka, ’yan zango da yawa ma can suke sana'a. Bindiga ba ta cikin kayan da ya kamata a kai can. Zafin walda a bakin bututu yana iya taɓa ƙarfin ƙarfen, kuma dokar Gana ta tsananta: dokar makamai ta 1972 da gyare-gyarenta sun sa mallakar bindiga sai da lasisin ’yan sanda da ake sabuntawa duk shekara, ƙera ta kuwa sai da izinin gwamnati. Tun 2007 akwai hukumar ƙasa mai kula da ƙananan makamai, wadda ke Accra. Ma'aikacin tsaro ma'ajiyar makaman rundunarsa yake mayar da bindiga a duba. Mai lasisi kuwa ofishin ’yan sandan da ya yi masa rajista yake fara tuntuɓa kafin kowa ya sa wa tsinin hannu.