Fadar Topkapi

Fadar Topkapi tsohuwar fadar sarakunan Daular Usmaniyya ce da ke birnin Santambul na ƙasar Turkiyya, wadda aka mayar gidan adana kayan tarihi a 1924. Tana kan wani tudu da ya kutsa cikin ruwa, daidai inda mashigin Bosforus ya haɗu da tekun Marmara, kuma daga cikinta aka tafiyar da mulkin daular kusan shekara 400. A yau tana cikin wuraren da baƙi suka fi ziyarta a birnin, musamman iyalan Musulmi, waɗanda abin da ya fi jan su zuwa can shi ne ɗakin da aka ajiye kayayyakin da ake dangantawa da Manzon Allah (SAW) da sahabbansa. Tun 1985 tana cikin yankin tsohon birnin da hukumar UNESCO ta sanya a jerin wuraren tarihi na duniya.

Suna

Ma'anar Topkapi a harshen Turkanci ita ce "ƙofar igwa". Sunan bai daɗe sosai a kan fadar ba, domin ƙarnuka da dama ana kiranta Sabuwar Fada ne kawai, don a bambanta ta da Tsohuwar Fada da ke tsakiyar gari. Asalin mai sunan wani gidan sarki ne na bakin teku da ke kusa da wata ƙofa mai igwogi, wanda gobara ta cinye a ƙarni na 19.

Tarihi

Sarki Muhammad na II, wanda aka fi sani da Muhammadul Fatih, ya ci birnin Ƙusɗanɗiniyya, wato Santambul ta yau, da yaƙi ranar 29 ga Mayu, 1453. Da farko ya gina gida a wurin da Jami'ar Santambul take a yanzu, amma ba a jima ba ya zaɓi wannan tudun na bakin ruwa. Yawancin marubuta suna sanya fara ginin a wajajen 1459 ko 1460, da kammala kashin farko a wajajen 1465, yayin da rubutun da ke saman babbar ƙofar waje yake ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1478. Ana kiyasta faɗin wurin, har da lambunan da ganuwa ta kewaye a wancan zamani, a kimanin murabba'in mita 700,000.

Sarakunan da suka biyo baya kowa ya ƙara nasa, shi ya sa fadar ba ta da kamannin gini ɗaya mai tsayi irin na sarakunan Turai. Tarin ɗakuna ne da soraye da rumfuna marasa tsawo, jere a gefen farfajiyoyi huɗu, kuma duk wanda ya saba da tsarin gidan sarauta, inda ake bi ta soro bayan soro kafin a kai ga sarki, zai gane manufar tsarin nan take. An yi manyan gyare-gyare a zamanin Sarki Sulaiman (1520 zuwa 1566). Gobarar 1574 ta cinye madafan fada, sai shahararren magini Mimar Sinan ya sāke gina su, wata gobarar kuma a 1665 ta lalata babban ɓangare na cikin gida.

A ƙarni na 19 sarakuna suka fi son gidajensu na bakin Bosforus, har Sarki Abdulmajid ya ƙaura zuwa Fadar Dolmabahce a 1856. Duk da haka ba a bar Topkapi kango ba, saboda baitulmali da ɗakin karatu da kayan alfarma na addini sun ci gaba da zama a nan, haka ma tsofaffin bayin fada. An soke sarautar a 1922, aka kafa jamhuriya a 1923, aka soke halifanci ranar 3 ga Maris, 1924, sannan bayan wata ɗaya, ranar 3 ga Afrilu, gwamnatin Mustafa Kamal Ataturk ta ba da umarnin mayar da fadar gidan tarihi. Tun 2019 tana ƙarƙashin hukumar kula da fadojin ƙasa da ke ofishin shugaban Turkiyya.

Akwai alaƙa tsakanin fadar da yankin Tafkin Chadi. A shekarun 1570 Mai Idris Aloma na Borno ya aika jakadu zuwa ga Sarki Murad na III, kuma kwafin amsar da aka ba shi, mai ɗauke da shekarar 1577, yana cikin kundayen Usmaniyya. Batun tsaron hanyar mahajjata da fatake da ke ratsa Fezzan, a kudancin Libiya ta yau, yana cikin abin da aka tattauna.

Ƙofofi da farfajiyoyi

Kowace ƙofa a Topkapi tana rage yawan waɗanda aka yarje wa wucewa. Ta farko, Babi Humayun, tana buɗewa zuwa farfajiyar da kusan kowa yake iya shiga da rana: masu kawo ƙara, da 'yan kasuwa, da masu kawo itace da gari. A nan cocin Aya Irini take, wadda Usmaniyawa ba su mayar masallaci ba, sai dai sun yi ma'ajiyar makamai da ita. A kusa da ƙofa ta biyu akwai wani famfo da ake cewa a nan hauni yake wanke hannunsa da takobinsa.

Ƙofa ta biyu, Babus Salam, mai hasumiya biyu masu tsini, ita ce iyakar doki. Ban da sarki, duk wanda ya iso nan sai ya sauka ya taka da ƙafa, ko da babban waziri ne. Bayanta farfajiyar mulki ce, inda majalisar daula take zama a wani ɗaki mai ƙubba, kwana huɗu a mako a ƙarni na 16. A bangon ɗakin, sama da mazaunin babban waziri, akwai wata 'yar taga mai raga wadda sarki yake iya zama a bayanta ya saurari muhawara, ba tare da waziran sun san ko yana nan ko ba ya nan ba. A wannan farfajiya ake biyan sojojin Janisari, wato dakarun sarki na musamman, albashinsu duk wata uku, a kuma jera musu abinci. Idan sun ruga sun ci, to, lafiya ƙalau. Idan suka ƙi taɓawa, fada ta san akwai tarzoma a tafe.

Madafan fada sun mamaye gefen dama na farfajiyar gaba ɗaya, kuma daga teku ma ana hango jerin bututun hayaƙinsu. Daga nan ake ciyar da dubban mutane kullum. Yanzu a ciki aka baje tukwane da ludaya manya, da wani ɓangare na tangaran ɗin ƙasar Sin da sarakuna suka tara, wanda ya haura guda 10,000, yana cikin mafi girman tarin irinsa a wajen ƙasar Sin. An fi son koraye-korayen farantan da ke cikinsa saboda imanin da aka yi cewa suna canza launi in an zuba abinci mai guba.

Ƙofa ta uku, Babus Sa'ada, ita ce bakin gidan sarki na kansa, kuma a gabanta ake kafa karaga ranar naɗi da ranakun Salla. Da an shige ta sai zauren ganawa, inda ake karɓar jakadu, kuma ana cewa akan bar famfunan ɗakin suna zuba don ƙarar ruwa ta hana masu laɓe jin abin da ake faɗa. A wannan farfajiya makarantar fada take, wadda ake horar da yaran da aka ɗebo daga ƙauyukan Kiristoci na yankin Balkan, da yawansu kuma suka zama gwamnoni da wazirai. Ɗakin karatun Sarki Ahmad na III, ginin 1719, yana tsakiyarta.

Farfajiya ta huɗu lambu ce da rumfunan shan iska, ciki har da Rumfar Bagadaza da Murad na IV ya sa aka gina bayan ya ci birnin a 1638, da ɗakin yi wa 'ya'yan sarki kaciya, da wata 'yar rumfa mai rufin ruwan zinariya ta 1640 inda ake cewa Sarki Ibrahim yake buɗa baki da azumi.

Cikin gida

Sashen iyalin sarki yana da ɗakuna sama da 300, amma kaɗan daga ciki ake buɗe wa baƙi. Uwar sarki ce mai iko da shi, babanni kuma, waɗanda akasari bayi ne da aka kawo daga Habasha da Sudan ta hanyar Masar, su ne masu tsaronsa, kuma shugabansu yakan kai matsayin da wazirai ke shakkarsa. Matan sarki da ƙwaraƙwarai sun fara zama a nan sosai ne daga zamanin Sulaiman, lokacin da matarsa Hurram ta taso daga Tsohuwar Fada. Ɗakin Murad na III, na wajajen 1578, mai tayil shuɗi da ja na garin Iznik da ayoyin Alƙur'ani zagaye da bango, shi ne mafi kyan abin da ya rage na wancan ƙarni. A nan cikin gida aka kashe Kosam, kakar Sarki Muhammad na IV, a 1651, aka kuma kashe Salim na III a 1808.

Amanoni masu alfarma

Wannan sashe yana farfajiya ta uku, a ɗakunan da dā can su ne makwancin sarki. Asalin tarin ya faro ne daga 1517, lokacin da Salim na I ya ci Masar ya kawo ƙarshen mulkin Mamluk, Sharifin Makka kuma ya aiko masa da ɗansa da makullan Ka'aba. An ci gaba da ƙara kaya tsawon ƙarnuka, har zuwa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ad da kwamandan Madina, Fahruddin Pasha, ya aiko da wasu kayan masallacin Annabi ta jirgin ƙasa a 1917.

Mafi daraja a wurin Usmaniyawa shi ne mayafin da ake cewa Manzon Allah (SAW) ya yafa wa mawaƙi Ka'abu bin Zuhair, wanda yake naɗe cikin akwatin zinariya a ɗakin da ake leƙawa daga bakin ƙofa. Kowace shekara ranar 15 ga Ramadan sarki da manyan fadawa sukan kai masa ziyara ta musamman. Tare da shi akwai tutar da ake fitarwa in yaƙi ya yi tsanani, da takubba da baka, da gashin gemu, da sawun ƙafa a kan dutse, da wasiƙar da ake cewa ita ce aka aika wa Muƙauƙis na Masar. A ɗakunan gefe an jera takubban da ake dangantawa da halifofi huɗu da Khalid bin Walid, da tsofaffin makullai da indararo na Ka'aba, da maƙalin Hajarul Aswad. Akwai kuma sandar da ake cewa ta Annabi Musa ce, da takobin Annabi Dawud, da rawanin Annabi Yusuf. Mahaddata suna karɓa-karɓar tilawar Alƙur'ani a wurin, al'adar da ake mayar da asalinta ga zamanin Salim, kuma muryar mai karatun tana bin baƙo ɗaki zuwa ɗaki.

Ingancin dangantawar ya bambanta daga kaya zuwa kaya, kuma masana ba su haɗu a kan da yawa daga ciki ba. Mus'hafin da ake jingina wa Halifa Usman, alal misali, masu nazarin rubutu suna ganin bayan zamaninsa aka rubuta shi.

Baitulmali da ɗakin karatu

Abu biyu ne suka fi tara jama'a a baitulmali. Ɗaya lu'ulu'u ne mai nauyin karat 86 da ƙanana 49 suka kewaye, wanda ake kira na mai sassaƙa cokali, saboda labarin da ke cewa a juji aka tsince shi aka musanya da cokali uku. Akwai wasu labaran da suka saɓa wa wannan. Ɗayan kuma wuƙa ce mai manyan duwatsun zumurrudu uku a ƙota da agogo a ƙarshenta, wadda Mahmud na I ya sa aka ƙera don kyauta ga Nadir Shah na Farisa, amma aka kashe Nadir a 1747 jakadu suna hanya, sai suka juyo da ita. A cikin takardun fada aka gano taswirar da kwamandan jiragen ruwa Piri Reis ya zana a 1513, a shekarar 1929, wadda take nuna gaɓar Afirka ta Yamma da ta Kudancin Amurka, sai dai ba kasafai ake baje ta ba.

Ziyara

Ana rufe fadar ranar Talata. Jirgin cikin gari mai lamba T1, wanda yake bi ta unguwar Laleli inda 'yan kasuwar Afirka ke sarin tufafi, yana tsayawa a Sultanahmet da Gulhane, kuma daga kowanne tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa. Wanda yake son ganin farfajiyoyin huɗu da cikin gida yana bukatar aƙalla rabin yini, kuma layi ya fi tsawo a ƙofar baitulmali da ta amanoni, musamman da bazara da lokacin hutun makarantu, don haka masu tafe da tsofaffi ko ƙananan yara sukan yi sammako su fara da waɗannan biyun. Daɓen duwatsu da matakalai suna wahalar da keken jarirai da na marasa lafiya a wasu sassa. An hana ɗaukar hoto a ɗakin amanoni, ana kuma bukatar suturar mutunci.

Aya Sofiya, ginin shekarar 537 da aka sāke mayarwa masallaci a 2020 bayan shekaru yana gidan tarihi, tana daf da ƙofar waje, Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida yana fuskantarta, gidajen tarihin kayan tono da aka buɗe a 1891 kuma suna gangaren da ke tsakanin farfajiya ta farko da lambun Gulhane.