Me Ke Rubuce a Takardar Gwajin Ciwon Daji?

Tun da na yi jinyar yayata, matan unguwarmu a Aboabo, cikin Kumasi, suka mayar da ni mai karanta takardar asibiti. Bayan la'asar mace za ta yi sallama, ta zaro takarda daga cikin leda, duk ta yi laushi saboda ninki, ta ce, "Hajiya, duba mini, me suka ce?" Ni ba likita ba ce, abin da na koya a bencin asibiti nake faɗa, sannan in ce ta koma wurin likitanta. Ga tambayoyin da aka fi kawo mini, yawancinsu a kan dajin nono.

Da ka likita yake faɗin sunan ciwon?

A'a. Ɗan naman da aka cira ana kai shi ɗakin gwaji, a yanka shi siriri, a rina shi, wani likita na daban ya duba shi a madubin da ke ƙara girman abu. Abin da ya gani kuwa da littafi yake gwada shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da cibiyar binciken daji a birnin Liyon na Faransa, an kafa ta a 1965, ita ke fitar da jerin littattafan da suka rarrabe kowane ƙari da sunansa da kamanninsa. Saboda launin bangonsu ake ce musu shuɗɗan littattafai. Shi ya sa takardar da aka rubuta a Kumasi, likitan Ankara ko na Jidda zai karanta ya gane.

Kalma biyu nake fara nema. In an rubuta "benign", ƙari ne wanda ba ya yaɗuwa. In "malignant" ce, daji ne. Kuma mafi yawan kullutun da mata ke ji a nono ba daji ba ne.

Ba an ce daji ba ya son ƙarfe ba?

Wannan magana ta cinye mana mutane, ina faɗa zuciyata na ƙuna. Allurar da ake ɗebo nama da ita, wato bayofsi, ba ita ke watsa ciwon ba. Abin da ke faruwa shi ne, mace za ta shekara tana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai nono ya fashe, ɗaki ya ɗauki wari, sannan a ɗauke ta zuwa asibiti. In ta rasu bayan wata biyu sai a ce ai ƙarfe ne ya taɓa ta. Ciwon ya riga ya yi nisa tun kafin likita ya gan ta. Ba a fara magani sai an san sunan ciwo, sunan kuma sai da wannan ɗan nama.

Mene ne T da N da M?

Wani likitan fiɗa na Faransa mai suna Pierre Denoix ne ya tsara wannan ma'auni tsakanin 1943 da 1952, har yau kuma ana sabunta littafinsa. T girman ƙarin ne. A dajin nono, T1 bai wuce santimita 2 ba, kamar ƙwayar gyaɗa ko gurjiya. T2 ya haura 2 amma bai wuce 5 ba. T3 ya zarce 5. T4 kuwa ya kama fata ko bangon ƙirji, komai ƙanƙantarsa. N tana nufin kaluluwa: shin ciwon ya kai ta hammata? In bai kai ba za ki ga N0. M ita ce tambayar da kowa ke tsoro: ya yi tafiya zuwa ƙashi, hanta, huhu ko ƙwaƙwalwa? M0, ba a gani ba. M1, ya tafi.

Waɗannan uku ake haɗawa a fitar da mataki, daga 1 zuwa 4. Kin ga dalilin da ya sa muke roƙon mata su zo tun abin yana kamar gyaɗa. A lokacin sau da yawa ana warkewa, wani lokaci ma ba sai an cire nonon duka ba.

Na ga lamba 3. Shi ke nan na kusa ƙarshe?

Ki duba kalmar da ke kusa da lambar. Wata baiwar Allah ta kwana tana kuka saboda "Grade 3", alhali matakinta na 2 ne. "Grade" yanayin ƙwayoyin ciwon yake nunawa da saurin girmansu, daga 1 zuwa 3. "Stage" shi ne nisan da ya yi a jiki.

Don me maganina ya bambanta da na maƙwabciyata?

Domin dajin nono iri-iri ne. A ƙasan takarda za ki ga ER, PR da HER2, gwaje-gwaje uku da ke nuna irin ciwon. In ER ta nuna akwai, ciwon yana ƙoshi ne da sinadarin mata na estirojin, sai a ba ki ƙwaya irin tamoksifen ki sha kullum shekara 5, wani lokaci har 10. In HER2 ce, akwai allurarta ta musamman. In duka ukun babu, kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji da galibi ake ƙarawa ta jijiya, shi ne jigon magani. Don Allah kada ki karɓi ragowar ƙwayar wata, ko da 'yar uwarki ce ciki ɗaya.

Littattafan Turawa sun dace da jikinmu?

Tambaya ce mai kyau. Yawancin binciken a Amurka da Turai aka yi shi, inda na'urori suke birjik. A 2017 likitocin daji na Afirka suka haɗa hannu da NCCN, ƙungiyar cibiyoyin maganin daji ta Amurka, suka fara fitar da jagorar magani da ta yi la'akari da abin da ke hannunmu. A nan Kumasi ma akwai rajistar masu ciwon daji tun 2012, domin a san wane iri ya fi damun mu. Afirka kuma ta ba ilmin nan nata: a Uganda Denis Burkitt ya bayyana dajin da ke kumbura muƙamuƙin yara a 1958, wanda kemo ke yi wa aiki ƙwarai in an kawo yaro da wuri.

Cikin abin da ke hannunmu, na'urar gasa ƙari da haske tana asibitin Komfo Anokye na Kumasi da muke kira Gee, tana kuma asibitin Korle Bu a babban birnin ƙasa.

In an ce mataki na 4 fa?

Galibi ba a maganar warkewa, amma ba a sallami mutum ba. Ana rage ƙarin, a kashe zafi, har da mofin, maganin zafi mai ƙarfi, in ta kama, mutum ya ci abinci, ya yi sallarsa cikin natsuwa. Wasu suna shekaru a haka. Addu'a kuwa ba a barin ta. Sai dai in kina shan wani sassaƙe ko jiƙo, ki faɗa wa likita, domin wasu suna wahalar da hanta a lokacin kemo.

Yaya zan yi da takardar?

Ki yi mata hoto a kasuwar Kejetia kwafi biyu, ki ɗauke ta a waya, ki ajiye ta asali tare da katin inshorar lafiya. Ranar ganin likita ki tafi da wanda ke jin Turanci ko Twi sosai, da biro a hannunsa. Ku tambayi sunan ciwon, matakinsa, da abin da ake nufi da maganin: warkarwa ko sassautawa. Yayata kunya ta hana ta tambaya, ni na buɗe baki na ce, "Likita, a yi haƙuri, a maimaita mana." Ya juya bayan takardar, ya zana nono da hammata, ya nuna mana inda za a yanka.