Farautar kurciya a gonakin kiwon Teksas: me ke faruwa idan ruwa ya sauko?

A jihar Teksas ta Amurka, ranar 1 ga Satumba ake buɗe farautar kurciya a arewaci da tsakiyar jihar. Abokai kan ɗauki hutu daga aiki, su loda bindigogi da kujeru a mota, su nufi gonar kiwon wani. Sai dai Satumba wata ne na guguwar Tekun Meksiko, kuma ba abin mamaki ba ne a wayi gari ana sheƙa ruwa.

Manyan mutane da bindiga a kan kurciya? Ba aikin yara ba ne?

A ƙasar Hausa kurciya rabon yaro ce mai danko. A Amurka kuwa babu tsuntsun da maharba ke harbi da yawa kamar ta, miliyoyi ake kayarwa duk shekara, kuma Teksas ce kan gaba. Iri biyu aka fi nema: doguwar nan mai tsinin wutsiya da kuka mai ban tausayi, da kuma mai farin zane a fiffike, wadda a da sai can kudu wajen kwarin kogin Rio Grande ake samunta, yanzu kuwa ta cika har birnin San Antonio.

Ba a harbinta a kan reshe, a sama ake harbinta tana tafe. Gudunta na iya haura kilomita 80 a awa, ga kauce-kauce, shi ya sa ko gwani kan ɓarar da harsashi da dama kafin ya kayar da ɗaya. Abin da ya sa ta zama farautar abokai kuwa shi ne ba ta bukatar shiru irin na farautar barewa. Kowa ya zauna a gefen gonar dawa da aka girbe, a bar tazara tsakani, ana hira ana kiran juna idan garke ya ɓullo.

Me ya sa sai a filin wani? Babu dajin kowa da kowa ne?

Kaɗan ne. Kusan kashi 95 cikin 100 na ƙasar Teksas mallakar mutane ne, galibi an kewaye da waya. Don haka ko dai mai gona ya gayyace ka, ko ka biya kuɗin yini, ko ku haɗa kuɗi ku kama hayar filin na tsawon kakar farauta. Shiga ba izini laifi ne a doka. Ba lallai ma ka ga allon gargaɗi ba: idan ka ga an shafa fenti mai ruwan shunayya a jikin bishiya ko turken shinge, ma'anarsa a dokar jihar ita ce kada ka ƙetare.

To idan ruwa ya sauko, an fasa ke nan?

Ya danganta da irin ruwan. Yayyafi ba ya hana kurciya tashi, wani lokacin ma sanyin da ya kawo kan sa ta ci gaba da kai-komo har rana ta take, maimakon ta lafe a inuwa tun hantsi. Ruwa mai ƙarfi ne ke zaunar da ita a cikin duhuwar bishiya. Mai haƙuri a nan shi ke cin riba, domin da zarar an ɗauke, tsuntsayen da suka wuni da yunwa kan fito kusan lokaci guda su nufi gona. Waɗanda suka tattara kayansu suka koma gari tun ana tsakiyar ruwa su ne suka yi asara.

Babbar ɓarnar ruwa ba a ranar take ba, a kwanakin da suka gabata ne. A shekarar fari, kurciya ba ta da wurin sha sai tafkunan da makiyaya suka haƙa wa shanu. Da yamma duk sai ta biyo ta nan kafin ta tafi kwana, maharbi kuwa ya san inda zai zauna. Idan an yi kwanaki ana ruwa, kowane rami ya zama kududdufi, tsuntsuwa ta sha a inda ta ga dama, tafkin ya zama kango. Haka abinci: ƙwaya take tsinta a fili, ba ta tono, ba ta son ciyawa mai duhu ko ƙasa mai caɓi. Sai ta koma tudu, bakin hanyar tsakuwa, ko wurin da ƙasa ta tsane. Wanda ya nace wa wurin da ya yi sa'a bara zai wuni yana kallon sama.

Akwai kuma iskar sanyi da kan biyo ruwan daga arewa. Kurciyar nan mai ƙaura ce. Dare ɗaya na sanyi kan iya kwashe tsuntsayen gona gaba ɗaya su yi kudu, bayan 'yan kwanaki kuma wasu su sauko daga jihohin Oklahoma da Kansas su maye gurbinsu.

Wane haɗari ne ya fi yawa a irin wannan rana?

Tsawa. Mutum tsaye a buɗaɗɗen fili riƙe da dogon ƙarfe, ko ya raɓe ƙarƙashin bishiya ɗaya tilo, ko ya jingina da shingen waya, duk ya sa kansa a hanya. Shawarar hukumar yanayi ta Amurka a fili take: da ka ji rugugi ka shiga mota ko gini, kada ka fito sai an yi minti 30 da jin na ƙarshe. Babu kurciyar da ta kai ran mutum.

Na biyu laka. Idan ka zame bakin bindiga ya taɓa ƙasa, taɓo na iya toshe shi ba ka sani ba, harbi na gaba kuma ya fasa bututun a hannunka. Sai ka cire harsashi, ka leƙa, ka share. Na uku, a ranar hadari tsuntsaye kan yi ƙasa-ƙasa, mai zumuɗi ya bi su da bindiga har ta daidaita da abokinsa da ke ɗaya gefen. Ƙa'idar da maharba ke maimaita wa sabon shiga ita ce, in ba ka ga sarari a bayan tsuntsuwa ba, bar ta ta wuce.

Me ke ɓata wa mai gona rai?

A ganina nan ne ake gane baƙon kirki, kuma ruwa ne ke tona shi. Baƙar ƙasar tsakiyar Teksas idan ta jiƙe danƙo gare ta kamar lakar fadama. Mota ɗaya da aka kutsa da ita cikin gona na iya barin kwari biyu a hanya, mai gona ya yi watanni yana fama da su bayan baƙi sun koma birni. Abin da ya dace shi ne a kira shi tun kafin a taso, a tambaye shi ina mota za ta iya bi, in ya ce a ajiye a bakin ƙofa a taka da ƙafa, a taka. In ya ce a ɗage, a ɗage.

Sauran sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama da makiyayi. Ƙofar da ka tarar a rufe ka rufe ta, wadda ka tarar a buɗe ka bar ta, domin wataƙila ta nan shanu ke zuwa ruwa. Kada a yi harbi ta wajen dabbobi ko gida. A tsince kwankon harsashi kaf, ko da sun nutse a laka. Galibin waɗanda aka daina gayyata, ba rashin iya harbi ya jawo musu ba.

Tunda filin na mutum ne, ina ruwan gwamnati da yawan abin da aka harba?

Filin nasa ne, tsuntsun ba nasa ba ne. Amurkawa sun koyi wannan da tsada. Suna da wata tantabarar daji da garkenta kan rufe rana, aka yi ta kashe ta ana kaiwa kasuwa har ta ƙare. Ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Sinsinati ranar 1 ga Satumba, 1914. Shekara huɗu bayan haka, a 1918, aka kafa dokar kare tsuntsaye masu ƙaura, kuma a ƙarƙashinta ake farautar kurciya har yau.

Kowane maharbi sai da lasisi. Rabonsa 15 a yini, nasa shi kaɗai, ba a cike wa aboki gurbi. Bindiga ba za ta ɗauki harsashi fiye da 3 ba. Ana farawa rabin awa kafin fitowar rana, a tsaya da faɗuwarta. An hana zuba hatsi don jawo tsuntsaye, kuma wurin da aka zuba yana nan a haramce har kwana 10 bayan an kwashe. Tsuntsuwar da ka kayar dole ka neme ta, ko ta faɗa cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, shi ya sa ake so ka kafa ido a inda ta faɗi ka je ka ɗauko kafin ka sake harbi. Jami'an kula da namun daji na jihar suna da ikon shiga gonar mutum su duba.

Iri ɗaya ce ba ta da iyaka: babbar nan mai baƙin zobe a ƙeya. Baƙuwa ce, ta shigo ta tsibiran Bahamas a shekarun 1970, ta ƙetara zuwa jihar Fulorida, ta bazu. Ana harbinta a kowane lokaci na shekara.

Musulmin da aka gayyata fa, zai ci?

Naman kurciya halal ne. Malamai da yawa sun halatta abin da aka harba da bindiga idan an yi bisimilla lokacin harbin, wadda aka tarar da sauran rai kuma a yanka ta, don haka a tafi da wuƙa mai kaifi a aljihu. Inda za a lura shi ne wajen gashi. Mutanen Teksas ƙirjin kawai suka fi cirewa, su haɗa shi da koren barkono da cuku, su naɗe da siririn naman alade su ɗora a wuta. Ka faɗa wa mai masauki tun da wuri, ka ware naka, ka gasa a kan wayar gashi daban da gishiri da yaji.