Samarin Latino da cutar da ba ta nuna kanta

A ƙaramin asibitin unguwa da nake aikin wayar da kai a Bronx, cikin birnin New York, kusan duk masu zuwa gwajin cututtukan da ake ɗauka wajen saduwa mata ne. Samarin Latino, 'yan asalin Jamhuriyar Dominikan da Meziko da Honduras, ba ka ganin su sai abu ya ci tura. Idan na tare su a shagon aski na yi musu maganar gwaji, amsar ɗaya ce: lafiyata ƙalau, kuma ni mata nake nema, ba maza ba.

Wannan amsar ce take ɗaga min hankali. Alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun nuna cewa a 2023 an samu rahoton kamuwa da klamidiya da ciwon sanyi da tunjere sama da miliyan 2.4 a Amurka, kusan rabi kuwa matasa ne 'yan shekara 15 zuwa 24. Klamidiya ce ta fi yawa, kuma sau da yawa ba zafin fitsari, ba ruwa, ba komai. Saurayi zai yi watanni da ita yana aikin gini ko kai saƙon abinci a kan keke, ya ba budurwarsa bai sani ba. Ita ce za ta kwana a ciki: ciwon ya hau mahaifa, ya toshe hanyar ƙwai, wata ma haihuwa ta gagare ta.

Ban ɗora wa samarin laifin duka ba. Ƙa'idar CDC ta ce duk shekara a yi gwajin klamidiya da ciwon sanyi ga duk mace 'yar ƙasa da shekara 25 da ke saduwa, amma babu irin wannan ƙa'idar ga namijin da ke neman mata kaɗai. Mace tana zuwa awon ciki ko tsarin iyali a gwada ta, shi kuwa ba mai kiran sa. Ga rashin inshorar lafiya da ya yi wa al'ummar Latino katutu, ga tsoron a tambayi takardun zama, ga abin da su kansu suke kira machismo, wato ganin cewa namijin duniya ba ya kai ƙorafi gaban likita. Wasu sai su sayi ƙwayoyi a kanti su sha na kwana biyu. Zafin ya lafa, cutar na nan daram, ƙwayar ciwon sanyi kuma ta ƙara taurin kai ga magani.

Tunjere ya fi ba ni tsoro. Yakan fara da ɗan gyambo marar zafi wanda ke ɓacewa da kansa, mutum ya ɗauka ya warke. A 2023 an haifi jarirai sama da 3,800 da shi a Amurka.

Gwajin kuwa ba wahala: fitsari don klamidiya da ciwon sanyi, ɗan jini don tunjere da ƙanjamau. Klamidiya ƙwayar doxycycline ce ta kwana 7, ciwon sanyi allurar ceftriaxone, tunjere allurar penisilin. Sharaɗin shi ne a yi wa abokiyar zama magani ita ma, a kuma haƙura da saduwa na mako guda, in ba haka ba ana ta miƙa wa juna. Kwaroron roba yana kariya idan an sa shi tun daga farko. Rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ake ɗauka wajen saduwa wadda kan jawo sankarar bakin mahaifa, har da maza ake yi wa, zuwa shekara 26.

Cibiyoyin lafiya na unguwa da gwamnatin tarayya ke tallafawa suna karɓar wanda ba shi da inshora, kuɗin kuma daidai ƙarfin mutum. 'Yan'uwa Hausawan Bronx, 'ya'yanmu da waɗannan samari makarantarsu ɗaya, wurin aikinsu ɗaya, su ma ba mai kiran su gwaji. Ku ce musu idan sun je wajen likita su buɗe baki su nema da kansu.