Tace Ruwan Raino a Masana'antar Magungunan Furotin

Tace ruwan raino shi ne aikin farko da ake yi bayan an gama rainon ƙwayoyin halitta a cikin tanki domin su samar da maganin furotin, kamar sinadaran garkuwar jiki da ake yi wa masu ciwon daji allura da su. Yawancin masana'antu suna amfani da ƙwayoyin CHO, waɗanda masanin kimiyya Theodore Puck ya fara rainonsu a 1957 daga gidan ƙwan hamsta ta Sin, wata dabba mai kama da ɓera. A 1987 Amurka ta amince da maganin farko da aka samu daga gare su, wato tPA na kamfanin Genentech, mai narkar da gudan jini.

Bayan kimanin mako biyu, ruwan tankin yakan yi kauri kamar ƙullu. Maganin yana narke a ciki, amma tare da shi akwai ƙwayoyi masu rai da matattu, da ɓaraguzansu, da DNA. In aka tura shi haka cikin bututun tsarkakewa mai ɗauke da Protein A (wani furotin da ke kama maganin ya bar sauran su wuce), nan take zai toshe, kuma wannan kaya ne mai ɗan karen tsada.

A manyan tankuna, masu cin lita 10,000 ko fiye, ana fara da injin juyawa mai jerin faranti a ciki, wanda ke wurga masu nauyi gefe. Wurin nan ne ake bukatar hannun gwani. In juyin ya yi tsanani, ƙwayoyin sukan fashe, su zubar da abin cikinsu, har wasu sinadaran su tsinka ɗaurin da ke riƙe da furotin ɗin, maganin ya lalace tun kafin a kai ga tsarkake shi.

Daga nan sai matata mai kauri, wadda aka yi da zaren itace da garin ƙasar diyatom (ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa). Ba rariya ba ce kawai: tsaki yana maƙalewa a lungunanta, cajin lantarkin jikinta kuma yana jan DNA. A tankunan leda na lita 2,000 da ake yarwa bayan amfani ɗaya, sau da yawa ita kaɗai ake sawa, ba inji.

Yanzu da ƙwayoyi ke cika tanki fiye da da, wasu sukan zuba asid ko sinadarin dunƙulewa tukuna, don tsakin ya haɗu ya kwanta. Matata ta ƙarshe mai ramuka masu faɗin maikiron 0.2 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) ce ke tare bakteriya.