Waiwaye: Garin Broken Hill da cacar kwabo biyu

Garin Broken Hill yana can ƙuryar yammacin jihar New South Wales ta ƙasar Ostareliya, fiye da kilomita 1,100 daga Sidni, kuma ma'adinai ne suka kafa shi. A 1883 Charles Rasp, wani mai kula da shingen makiyaya, ya gano tudun da ke ƙunshe da azurfa da dalma da zinki, bayan shekara biyu aka kafa kamfanin haƙar ma'adinai na BHP (Broken Hill Proprietary), leburori suka yi ta kwararowa. Tare da su cacar kwabo biyu, wato two-up, ta shigo, wadda aka sani tun zamanin fursunonin da Ingila ta riƙa jibgewa a ƙasar.

Wasan ba ya buƙatar komai sai fili da kwabo biyu da ɗan katako. Mutane su yi da'ira, mai jifa ya ɗora kwabban a kan katakon ya cilla su sama har su wuce kansa suna juyawa, kowa ya zuba ido ya ga ko fuskar sarki ce za ta bayyana a duka biyun ko bayan kwabo. Idan suka saɓa, sai a sake jifa. Ba abin mamaki ba ne wasa irin wannan ya kama zuciyar mutumin da kullum yake shiga rami bai da tabbacin fitowa, domin fiye da mahaƙa 800 ne suka rasa rayukansu a ma'adinan garin. Sai dai albashin da ake zubarwa a da'irar na cefanen iyali ne, kuma wannan ɓangaren ba a cika ba da labarinsa ba.

Doka ta haramta wasan, amma shekara da shekaru ana yin sa a lungun Crystal Lane, kowa ya sani, hukuma ta kau da kai, har zuwa 1984 da 'yan sanda suka kai samame suka rufe wurin. Mutanen gari ba su haƙura ba. Majalisar birnin ta kafa hujja da cewa wasan gadon mahaƙa ne, kuma a 1992 aka ba ta izini na musamman a riƙa yin sa a kowane lokaci na shekara, alhali a sauran sassan jihar sai a ranakun tunawa da sojoji, musamman ranar Anzac, 25 ga Afrilu, saboda dakarun ƙasar sun yi shi sosai a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Yanzu a otal ɗin Palace ake kafa da'irar a daren Juma'a, da tsofaffin kwabban da aka daina kashewa tun 1966, kuma da yawa daga masu zuba kuɗin 'yan yawon buɗe ido ne.